ƘARAR INJI DA MATSALAR FULOGI A TSOHUWAR TARAKTA

Gabatarwa

Manomi, ka san yadda lamari yake a Yammedi da sauran ƙasar Ƙaraye da Rogo da zarar ruwan shuka ya sauka. Kowa yana neman tarakta a mako guda. Mai masara yana son haro, mai dawa yana son huɗa, mai waken suya da mai auduga suna jiran layi ya zo kansu. Taraktocin kuwa ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu tsofaffi ne. Idan wadda ake jira ta tsaya a tsakiyar gona, ta yi kwana goma a hannun makanike, ba mai ita kaɗai ya yi hasara ba. Duk wanda ya ba da kuɗin aiki shukarsa ta makara, kuma masarar da aka shuka a makare da wuya ta kamo ta fari.

Inji ba ya lalacewa a rana ɗaya. Kafin ya buga sai ya yi ta ba da labari: ƙararsa ta sauya, hayaƙinsa ya sauya, bakin fulogi ya sauya kama. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka fahimci wannan labari, domin ka san abin da za ka gyara da kanka, da abin da za ka kira makanike, da kuma ƙarar da in ka ji ta tilas ka kashe inji nan take. Ko ba ka da tarakta, karatun zai amfane ka, tun da kai ne mai biyan kuɗin haya.

1. Fara sanin irin injinka

Taraktoci iri biyu ne: masu shan fetur da masu shan gas. Injin fetur shi ne mai fulogi. Injin gas ba shi da fulogi ko ɗaya. Ka riƙe wannan da kyau, domin akan sami direba yana cewa "fulogi ne" alhali taraktarsa ta gas ce.

Mafi yawan taraktocin da ke aiki a ƙasarmu na gas ne. An shigo da su da yawa a zamanin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, da shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980. A cikinsu akwai Massey Ferguson, da Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, da Fiat da aka riƙa haɗawa a Kano. Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, galibi tana da injin gas na Perkins mai silinda 3. Masu fetur sun fi tsufa, kamar ƙaramar Ferguson TE20 mai ruwan toka, wadda aka yi ta ƙerawa a Ingila daga 1946 zuwa 1956.

Gane su ba wuya. Ka dubi gefen inji. In ka ga wayoyi masu kauri, na roba, suna tafiya ɗaya-ɗaya zuwa kowace silinda, to na fetur ne. In kuwa siraran bututun ƙarfe ka gani sun fito daga famfon mai, to na gas ne, kuma abin da ke ƙarshen kowane bututu nozul ne.

Kada ka ce bayanin fulogi bai shafe ka ba don taraktar garinku ta gas ce. Injin ban ruwan da kake kai wa fadama da rani, ko bakin madatsar Challawa da ta Kusalla, in na fetur ne, da fulogi yake aiki. Haka babur ɗinka da ƙaramin janareto. Karatun ɗaya ne.

2. Yadda inji yake aiki

A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka. Aikinsa huɗu ne. Ya sauka ya zuƙo iska. Ya hau ya matse ta. Mai ya kama wuta ya tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi, nan ne ƙarfin tarakta yake fitowa. Sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa.

A injin fetur kafireta ce take gauraya fetur da iska, fulogi ya ba da tartsatsi a daidai lokacin da ya kamata. A injin gas ana matse iska ne har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya feso gas ya kama da kansa. Watau kowane inji yana bukatar abu huɗu: iska mai tsabta, da mai mai tsabta, da matsi, da wuta a kan lokaci. Baƙin mai da ruwan lagireto kuwa su ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Kusan duk wata baƙuwar ƙara tana nuna ɗayan waɗannan ya sami tangarɗa.

3. Kafin ka taɓa komai

1. Ka tsai da tarakta a wuri mai daidai, ka sa giya a firi, ka ɗaure birki, ka sauke garma ko haro ƙasa.
2. Ka cire babbar riga da rawani. Fanka da fambel da sandar baya mai juyawa ba su san mai su ba.
3. Kada ka tayar da inji kana tsaye a ƙasa, kana haɗa wayar sitata da sukudireba. In tana cikin giya, tayar baya ce za ta bi ta kanka. A kan kujera ake tayarwa.
4. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.
5. Kada ka bar inji yana aiki a cikin ɗaki ko shago a rufe. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farga ba.
6. Ba taba, ba ashana kusa da fetur ko batir. Ka kori yara daga wurin.

4. Sauraron ƙara

Ka fara da duba baƙin mai da ruwa tun inji yana sanyi. Ka shafa baƙin man a yatsa ka duba a rana. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, ko ya yi fari kamar kunun kanwa, kada ka tayar. Na farko alamar metal ya soma ci, na biyu alamar ruwa ya shiga baƙin mai.

In komai lafiya, ka tayar ka bar shi a silo. Ka sami dogon sukudireba ko busasshen itace, ka ɗora baki ɗaya a jikin inji, ɗayan a kunnenka. Ka saurari sama, da tsakiya, da ƙasa. Ka yi wa kanka tambaya uku. Daga ina ƙarar take fitowa? Da sanyi take yi ko sai inji ya yi zafi? A silo take yi ko sai an ɗora wa tarakta nauyi?

*Ƙas-ƙas-ƙas daga sama.* Siririyar ƙara ce kamar ta keken ɗinki, daga ƙarƙashin murfin kan inji. Galibi ratar bawul ce ta yi yawa. Ba ta da haɗari nan take, kuma saiti ne kawai, ba sayen kaya ba. A injin Perkins mai silinda 3 ratar milimita 0.3 ce in inji yana sanyi. Amma kada a matse bawul don a kashe ƙarar gaba ɗaya. Bawul ɗin da ba shi da rata ba ya rufewa sosai, ƙonewa yake yi.

*Ƙyal-ƙyal kamar tsakuwa a gwangwani.* Wannan a injin fetur ake jin ta, lokacin da garma ta nutse ko ana hawa tudu. Fetur ne yake fashewa da gaggawa maimakon ya ci a hankali. Abin da ke kawo ta: fetur maras kyau ko wanda aka gauraya da kananzir, wuta tana zuwa da wuri, inji ya yi zafi da yawa, ko fulogin da ba na injin ba. Ka rage giya, ka rage zurfin garma. In ba ta daina ba ka tsaya, domin in ta daɗe tana huda kan fistin.

*Gum-gum daga ƙasa.* Ƙara ce mai nauyi kamar ana daka a turmi, tana ƙaruwa in an ba da totur ko an ɗora nauyi. Sau da yawa za ka ga allurar baƙin mai ta faɗi, ko jar fitila ta kama. Metal ne ya ci. Ka kashe inji nan take. Kada ka ce bari a ƙarasa wannan eka. Yau metal kaɗai za a sauya. In an ci gaba sai karanshaf ya tafi, wani lokaci ma sandar fistin ta fasa jikin inji ta fito.

*Ƙwal-ƙwal da sanyin safiya.* In tana fitowa daga tsakiyar inji, kuma tana raguwa in ya yi zafi, fistin ne ya yi sako-sako a cikin silinda. Tsufa ne. Ana iya lallaɓawa a gama damina, amma a shirya yin aikin inji da kaka.

*Tsuwa daga gaba.* Fambel ne ya saki. Ka kashe inji, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. Kada ya lotsa fiye da rabin inci. In ƙarar gurza ce ba tsuwa ba, ka girgiza fanka da hannu, inji a kashe. In tana lilo, boris ɗin famfon ruwa ya tafi.

*Tari ta kafireta, ko harbi ta salansa.* Tari ta kafireta yana nuna fetur ya yi kaɗan, ko an sarƙe wayoyin fulogi. Harbi ta salansa yana nuna wata silinda ba ta ƙona feturinta, sai ya je salansa ya fashe.

*Fus-fus kamar zuga-zugin maƙeri.* Gaskit ya fashe. In na kan inji ne, za ka ga ruwan lagireto yana raguwa ba tare da yoyo ba, ko yana kumfa.

*Ƙarar da ke zuwa in an taka kuloci kawai.* Wannan ba ta inji ba ce, boris ɗin kuloci ne. Ka hana direba ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya.

Ka haɗa ƙara da hayaƙi. Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi: inji yana shan baƙin mai. Fari mai yawa bayan inji ya yi zafi: ruwa ne, ko gas ɗin da bai ƙone ba.

5. Gano silindar da ba ta aiki

Idan injin fetur yana ɗingishi, yana rawa, ba ƙarfi, to akwai silindar da ta yi barci. Ga yadda za ka gano ta.

1. Ka bar inji a silo. Ka ɗauki filaya mai hannun roba, hannunka a bushe, domin wutar fulogi tana fizga.
2. Ka zare wayar fulogi na farko, watau na kusa da lagireto. In inji ya ƙara ɗingishi, wannan silinda tana aiki. Ka mayar.
3. Ka bi sauran ɗaya-ɗaya. Wadda ka zare wayarta ƙarar inji ba ta sauya ba, ita ce mai barci.
4. Ka kashe inji, ka bari ya huce. Ka musanya fulogin wannan silinda da na maƙwabciyarta, ka sake gwadawa. In ciwon ya bi fulogi, to fulogin ne. In ya tsaya inda yake, sai a dubi waya, ko murfin distiributa, ko matsi.

Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma yana hana ka sayen fulogi huɗu alhali waya ɗaya ce ta tsage.

6. Karatun bakin fulogi

Kafin ka kwance fulogi, ka hure ƙasar da ke gindinsa don kada ta faɗa cikin silinda. Ka yi amfani da sufanar fulogi, ba filaya ba. Ka jera su bi da bi a kan tsumma, domin ka san ramin da kowanne ya fito.

*Ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe.* Lafiya lau. Ka goge, ka duba rata, ka mayar.

*Baƙi a bushe, kamar kunkunniyar tukunya.* Fetur ya fi iska yawa. Ka fara duba matatar iska, domin ƙurar bazara ita ce ta fi kawo wannan. Ka duba ko cok ya maƙale. Barin inji a silo na tsawon lokaci shi ma yana kawo shi. In duka fulogin ne suka yi baƙi, laifin kafireta ne ko matata. In guda ɗaya ne, laifin wutar wannan silinda ne.

*Baƙi mai maiƙo.* Baƙin mai yana hawowa. Ringi ya ci, ko bawul ya yi sako-sako a mazauninsa. Sabon fulogi zai yi 'yan kwanaki shi ma ya koma haka. Makanike zai iya auna matsi, sa'an nan ya zuba cokali ɗaya na baƙin mai a silindar ya sake aunawa. In matsi ya ƙaru, ringi ne. In bai ƙaru ba, bawul ne ko gaskit.

*Jiƙe da fetur.* Mai yana zuwa, wuta ce babu, ko an ja cok fiye da kima. Ka shanya fulogin, ka mai da cok, ka gwada tartsatsi.

*Fari fat, ko ya yi ƙuraje, ko bakin ya narke.* Wannan ya fi baƙi haɗari. Inji yana zafi da yawa: fetur ya yi kaɗan, ko iska tana shiga ta wata kafa, ko wuta tana zuwa da wuri, ko fulogin ba nasa ba ne. Kada a koma gona sai an gano dalili.

*Tas kamar an wanke shi, sauran kuwa da datti.* Ruwa yana shiga wannan silinda. A dubi gaskit ɗin kan inji.

*Bakin ya lanƙwashe, ko farin tangaran ya fashe.* An sa fulogin da ya fi ramin tsawo, fistin yana dukansa, ko wani ƙarfe ya faɗa ciki.

Ka ga ke nan, sau da yawa fulogi ɗan aike ne kawai. In ka sauya shi ba ka bi saƙon da ya kawo ba, ka zubar da kuɗi.

7. Gyaran fulogi da sayen sabo

Ka goge bakinsa da burushin waya. Kada ka ƙona shi a wuta, tangaran ɗin yakan tsage. Ka auna ratar da ke tsakanin ƙarafa biyu na bakinsa da siraran ƙarafan awo masu lamba, waɗanda makanikai ke kira fila geji. A yawancin tsofaffin taraktocin fetur ratar tana tsakanin milimita 0.6 da 0.8. A injin ban ruwa irin Honda GX160 milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. In kana da littafin injinka, shi za ka bi. Ƙarfen gefe ake lanƙwasawa a hankali, ba a taɓa na tsakiya.

Gwajin tartsatsi kuwa ga shi. Ka sa fulogin a wayarsa, ka jingina jikinsa na ƙarfe da jikin inji, nesa da ramin fulogi da kafireta. Wani ya juya inji daga kan kujera. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ne mai kyau. Ja-ja ko rawaya mai rauni ba zai iya kunna fetur a cikin matsi ba.

In za ka sayi sabo, a Gwarzo ne ko Funtuwa ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a aljihu. Ka duba abu uku: lamba, da kauri, da tsawon tiredi. Lambar tana nuna zafin fulogi. A na NGK, in lamba ta ƙaru fulogin ya fi sanyi. A na Champion kuwa akasin haka ne. Fulogi mai sanyi da yawa yakan yi baƙi da wuri, mai zafi da yawa yakan ƙona fistin. Akwai jabu a kasuwa. Ka dubi rubutun ko ya fita sosai, ka dubi tiredin ko yana da santsi, ka yi hattara da wanda arharsa ta yi yawa. Araha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa, da hannu za ka fara murɗawa har ya zauna. In ya cije tun farko, ka kwance ka sake, kada ka tilasta shi da sufana ka cinye tiredin kan inji. In ya zauna, sabo a ƙara masa rabin zagaye da sufana, tsoho kuwa kada ya wuce kwatan zagaye.

8. Fulogi lafiya, amma babu wuta

Ka bi hanyar wuta da baya. Kan batir: in ya yi tsatsa ko farin gari, ka kankare ka ɗaure. Wayoyin fulogi: ka duba su da dare inji yana aiki, wadda ta tsage za ka ga wuta tana tsalle daga jikinta. Murfin distiributa, watau akwatin da ke raba wuta ga kowane fulogi: ka buɗe ka goge laima, musamman da safe a watan Agusta, ka duba ko ya tsage. A cikinsa akwai kwantak. In bakinsa ya ƙone a goge shi da samfefa mai laushi, ratarsa kuwa wajen milimita 0.4 ce. In inji yana aiki da sanyi, ya mutu in ya yi zafi, ya sake tashi bayan ya huce, sai a zargi kwayil ko kwandansa.

Kada ka zare wayoyi duka a lokaci guda. Kowane inji yana da jerin da wuta take bi. A Ferguson TE20 jerin 1-3-4-2 ne, a wasu tsofaffin Ford kuwa 1-2-4-3. In ka sarƙe biyu, inji zai yi ta tari da harbi, ka ɗauka wani babban abu ne.

9. In taraktar ta gas ce

Duk bayanin ƙara da hayaƙi ya shafe ta. Sai dai injin gas dama yana da 'yar ƙara mai kaifi, musamman da sanyi, wannan ba ciwo ba ne. Abin da wasu ke kira fulogi a jikinta hita ce, mai ɗumama iska don inji ya tashi da hunturu. Da ya tashi aikinta ya ƙare, saboda haka ba ita ke kawo ɗingishi a gona ba.

In tana ɗingishi ko tana mutuwa, ka duba abu uku da kanka. Na ɗaya, ruwa ko datti a ƙaramin kofin da ke ƙarƙashin tanki ko matatar gas. Na biyu, matatar gas ɗin ko ta toshe. Na uku, iska a cikin bututu. Wannan yakan faru in an bar tanki ya ƙare ƙaf. Sai a sassauta notin fitar da iska, a yi ta danna ƙaramin famfon hannu har gas ya fito ba kumfa, a ɗaure.

In ƙara mai kaifi ce daga silinda ɗaya, tare da hayaƙi, wataƙila nozul ne yake ɗiga maimakon feshi. Nan aikinka ya tsaya. Gas ɗin da ke fita daga nozul yana da ƙarfin da zai huda fata ya shiga jiki, kada ka kai hannu. Kwance famfon injekta a gindin bishiya kuwa karambanin akuya ne, gai da kura. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ɓata shi. A kai wa masu injin gwaji. Kada kuma a zuba fetur a bakin matatar iska don ta tashi da wuri.

10. Misali

A ce taraktar ƙungiyarku ta fetur ce. Tana cikin huɗa sai ta rasa ƙarfi, tana baƙin hayaƙi, tana harbi ta salansa jefi-jefi. Direba ya ce a kira makanike a sauke inji. Tsaya tukuna. Baƙin mai yana nan, ba ƙyallin ƙarfe, ba gum-gum daga ƙasa. To, ba ta gaggawa ba ce. Ka kwance fulogi, ka tarar duka huɗun baƙi ne a bushe. Tun da duka ne, ba laifin silinda ɗaya ba ne. Tun da a bushe suke, ba ringi ba ne. Saura iska da kafireta. Ka buɗe matatar iska, ka ga kwanonta ya cika da laka. Ka wanke, ka zuba sabon baƙin mai daidai layi, ka goge fulogi, ka mayar. In ta warke, aikin awa ɗaya ya tsare muku kuɗin sauke inji. In ba ta warke ba, yanzu ka san abin da za ka faɗa wa makanike: ya dubi kafireta.

Ƙa'idar ita ce a fara da mai sauƙi da araha, a gyara abu ɗaya a gwada, kafin a taɓa na biyu.

11. Kai mai haya, da ku 'yan ƙungiya

Kafin ka ba da kuɗin aiki, ka je ka ga taraktar da safe, a tayar da ita a gabanka tun tana sanyi. In sai an tura ta take tashi, ko tana shuɗin hayaƙi ba tsayawa, ko ka ji ƙara daga ƙasan inji, ka yi shawara. Gara ka ba da rabi, sauran in an gama, kuma ku yi magana a gaban shaidu a kan abin da za a yi in ta tsaya. Ka tanadi garmar shanu ko ta maƙwabci don ko-ta-kwana.

Ku masu tarakta ta haɗin gwiwa, ku sayi ɗan littafi ku ajiye. A rubuta ranar da aka sauya baƙin mai da matata da fulogi, da awoyin aiki, da duk wata sabuwar ƙara da ranar da aka fara jin ta. Ku gaya wa direba a fili cewa in ya kashe inji saboda ya ji ƙara, ba za a rage masa lada ba. Direban da ake biya da eka, in yana tsoron faɗa, shi ne yake ƙarasa inji.

12. Rigakafi ya fi magani

1. Kullum da safe: baƙin mai, ruwa, fambel, da matatar iska. Da ƙura, a duba matata ko sau biyu a yini.
2. A share ƙaiƙayi da ciyawa daga fuskar lagireto. A zuba ruwa mai tsabta, ba na kududdufi ba. Kada a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi.
3. A sayi mai a wurin da aka amince da shi. In tilas ta sa an saya a jarka, a bari ya kwanta, a tace da kyalle mai tsabta maras zare-zare.
4. A cika tanki da yamma, domin tankin da ya kwana rabi yakan tara raɓa a ciki.
5. A sauya baƙin mai da matatarsa bisa awoyin da littafin inji ya faɗa, kuma lalle a sauya kafin damina. Injin ban ruwa irin Honda, bayan kowace awa 100, a duba fulogi a lokacin.
6. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 15. A huta kaɗan a sake.
7. In an tayar, a bar inji ya ɗan ɗumama kafin a ɗora masa garma. In an gama, a bar shi a silo minti biyu ko uku kafin a kashe.
8. A ajiye fulogi sabo, da fambel, da matatar mai a akwatin kayan aiki.
9. Babban gyara da kaka ko da rani ake yin sa, lokacin da akwai kuɗin amfanin gona kuma makanike ba ya sauri. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. A watan Afrilu a tayar da tarakta, a ɗaura mata haro a gwada ta, a saurare ta da kyau.

Tsohuwar tarakta ba abin rainawa ba ce. Injinta ba shi da sarƙaƙiya, kayanta ana samu, kuma in an kula da ita sai ta yi shekaru tana aiki. Kai dai ka saba da ƙararta tun tana lafiya, domin wanda ya san muryarta ta kullum shi ne zai gane ranar da ta sauya.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukumar Ƙaraye ko ta Rogo. Allah ya ba mu damina mai albarka.